"Sai Dai A Yi Fomat": Hukuncin Da Ke Cinye Ajiyar Jama'a



Akwai wata jumla da muke so mu yi wa taron dangi a wannan makon, domin ta cinye dukiyar mutane fiye da yadda ɓarawo ke ci, kuma har yau ba wanda ya tsare ta da tambaya. Jumlar ita ce: "Ai wannan sai dai a yi fomat." Mutum zai jona faifan ajiyarsa na waje, wanda aka fi sani da estanal, ya jira ya ga ya fito a kwamfuta, shiru. Ya cire ya mayar, shiru. Ya garzaya shagon gyara, kafin ya gama bayani an yanke masa hukunci da waɗannan kalmomi. Cikin minti biyu faifan ya dawo yana aiki fes, mai gyara ya karɓi kuɗinsa, mai kaya kuma ya koma gida da rumbu wayam.

Matsayinmu a fili yake. Faifan da ya ƙi hawa bai mutu ba sai an bincika an tabbatar. Fomat shi ne mataki na ƙarshe, kuma ba ya halatta sai bayan an kwashe abin da ke ciki, ko mai kaya ya fahimci abin da zai rasa ya ce ya yafe. Wanda ya fara da fomat ya ceci ƙarfen dubu kaɗan ne, ya salwantar da abin da ƙarfen ke ɗauke da shi.

Mu tuna abin da ake ajiyewa a irin waɗannan faifai. Kundin binciken ɗalibin da ya shekara biyu yana tattara bayanai. Hotunan bikin da mai ɗaukar hoto ya karɓi kuɗin amarya bai kai ga miƙawa ba. Ɗanyen fim ɗin da aka kwashe makonni ana ɗauka, wanda ba za a sake tara 'yan wasan a maimaita ba. Lissafin bashin shago. Karatuttukan malamin da ya riga mu gidan gaskiya, waɗanda almajiri ɗaya kaɗai ya naɗa. Faifai ana sayen wani gobe a kasuwa. Waɗannan ba kasuwar da ake sayar da su.

Abin da masu saurin fomat ba sa so su tsaya su gane shi ne, tsakanin kwamfuta da fayil ɗinka akwai matakai da dama, kuma ko wanne zai iya zama silar matsalar. Akwai kafar USB ta kwamfutar. Akwai kebul. Akwai wutar da ke juya faifan. Akwai ɗan allon lantarkin da ke cikin akwatin, mai fassara tsakanin USB da faifan kansa. Akwai taswirar da ke nuna yadda aka raba faifan, da fihirisar da ke nuna inda kowane fayil yake. Sannan daga ƙarshe akwai farantan da aka rubuta bayanan a kansu. Fomat yana taɓa mataki ɗaya ne tak a cikin waɗannan, wato fihirisa, kuma yadda yake taɓa ta shi ne ya share ta ya kafa sabuwa wadda ba komai a cikinta. To wane irin likita ne zai rubuta magani ɗaya ga cututtuka shida ba tare da ya duba majiyyaci ba?

Bincike na gaskiya da kunne yake farawa. Jona faifan, ka kara kunnenka. Faifai mai faranti yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, don haka mai lafiya za ka ji ɗan gurnani mai santsi da 'yar girgiza a tafin hannu. Idan ka ji ƙyas-ƙyas yana maimaituwa, ko ƙarar gogayya, ko wani ɗan kuka kamar yana son tashi ya kasa, ka cire shi nan take. Wani lokaci ƙarancin wuta ne ke jawo irin wannan, shi ya sa za ka iya gwada shi sau ɗaya da wani kebul a wata kafar. In ƙarar ta ci gaba, allurar karatu ce ko injin juyawa ke da matsala, kuma kowane kunnawa yana iya ƙara karce faranti. Wannan ya fi ƙarfin manhaja, kuma ya fi ƙarfin teburin kasuwa.

In ba ka ji baƙon sauti ba, sai a koma kan abu mafi araha, kebul da wuta. Kafar USB 2.0 tana ba da miliamfiya 500 ne, ta 3.0 kuma 900. Ƙaramin faifai na aljihu, mai inci 2.5, daga wannan kafar kaɗai yake samun abincinsa, kuma lokacin da yake tashi ne ya fi buƙatar wuta. Shi ya sa za ka ga fitilarsa ta kama amma kwamfuta ba ta gan shi ba, musamman idan an jona shi ta wannan ɗan akwati mai rarraba kafa ɗaya zuwa huɗu, ko ta kafofin gaban kwamfutar tebur, ko da dogon kebul na araha. Kamawar fitila ba shaidar lafiya ba ce. Ka jona shi kai tsaye, a kafar bayan kwamfuta, da gajeren kebul mai kyau. Babban faifai mai inci 3.5 kuwa yana da nasa abin jona wuta na bolt 12, kuma sau da yawa shi ne ke mutuwa bayan wuta ta yi ta rawa, faifan yana nan lafiyarsa ƙalau. Haka bakin nan mai faɗi da kebul ke shiga jikin akwatin, yana saurin sakwarkwacewa don yawan ja da murɗawa. A gwada wata kwamfutar ma. Duk wannan bai kai minti goma ba, kuma ba ya taɓa ko fayil ɗaya.

Daga nan sai a tambayi kwamfutar abin da take gani. A Windows, rashin ganin faifai a inda aka saba ganinsa ba ya nufin ba ta san da shi ba. A danna dama a kan madannin Start a buɗe Disk Management. A Mac kuwa Disk Utility ake buɗewa, a zaɓi Show All Devices. Abin da aka gani a nan shi ne ke faɗin hanyar da za a bi.

Idan faifan ya fito da girmansa daidai, an rubuta yana lafiya, amma babu harafi a gabansa irin su E ko F, matsalar ba ta wuce ta suna ba. A ba shi harafi, shi ke nan, zai fito da kayansa cif. Akwai mutanen da aka shafe musu aikin shekaru a kan abin da dannawa uku ke warwarewa.

Idan kuma daga wata irin kwamfutar aka kawo shi, a duba yaren da aka tsara shi da shi. Windows da NTFS take aiki. Apple ta koma APFS tun 2017, kafin nan HFS+ take amfani da shi. Linux galibi ext4. Windows ba ta karanta APFS ko HFS+ ko ext4 da kanta, don haka ko dai ta yi kamar ba ta ga faifan ba, ko ta ce a yi masa fomat. Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Mai tace fim da ya yi aiki a Mac ya kawo faifansa kan Windows bai kamu da wata matsala ba, wasiƙa ce aka miƙa wa wanda bai iya yaren ba. A mayar da ita ga mai jin yaren. Wanda ke yawo da faifai tsakanin kwamfutocin biyu, exFAT ne ke yi masa, tunda dukkansu suna karantawa suna rubutawa, kuma ba shi da ƙa'idar FAT32 da ba ta ɗaukar fayil ɗin da ya kai gigabait 4. Amma wannan shawara ce ta ranar da faifai yake sabo, ba ta ranar da yake cike da kaya ba.

Sai kuma inda aka fi yin ɓarna, wato idan an ga an rubuta RAW, ko Unallocated, ko Not Initialized, ko kuma saƙon nan ya faɗo cewa dole a yi fomat kafin a yi amfani da faifan. Wannan saƙon shi ne hujjar masu gaggawa, suna cewa ai kwamfutar ce da kanta ta faɗa. To a saurara. Kwamfutar ba ta ce kayanka sun tafi ba. Ta ce ta kasa karanta fihirisa ne, kuma ta ba ka hanya mafi sauri ta mayar da faifan abin amfani, ba tare da ta damu da abin da ke ciki ba. Yawanci abin da ya faru shi ne an fizge faifan yana cikin rubutu, ko an ɗauke wuta a tsakiyar kwafi, ko wasu gurabe sun fara lalacewa daidai inda fihirisar take. Kamar littafi ne da shafin fihirisarsa ya yage, babi-babi suna nan inda suke. Amsar wannan saƙo ita ce Cancel. Haka ma idan ta ce a yi Initialize, kada a yarda, domin shi ma rubuta sabuwar taswira yake yi a kan tsohuwa.

Mun san abin da wasu 'yan uwanmu masu gyara za su ce, kuma za mu amsa musu ɗaya bayan ɗaya.

Za su ce ai ko an yi fomat ana iya dawo da kaya da manhaja. Wannan rabin gaskiya ce, kuma rabin gaskiya ta fi ƙarya haɗari. Gaskiya ne fomat na sauri ba ya goge farantan gaba ɗaya. Amma yana rubutu a kan wani ɓangare na tsohuwar fihirisa, wadda ita ce ke riƙe da sunayen fayiloli da tsarin folda. Bayan haka sau da yawa abin da za a miƙo maka shi ne tarin dubban fayiloli masu lambobi a maimakon suna, manyan bidiyo kuma a yayyage. Idan aka cire alamar Quick Format aka yi cikakke, tun daga Windows Vista kwamfuta sifili take bi tana rubutawa a kan faifan daga farko har ƙarshe, kuma babu manhajar da ke dawo da wannan. Idan faifan SSD ne, irin wanda ba shi da faranti, da yawansu suna share guraben da aka ce musu babu kowa a ciki da kansu, jim kaɗan bayan fomat. Wa zai karya ƙafar mutum don yana taƙama da cewa ya san mai ɗori?

Za su ce mai kaya ne ya amince. Amincewar wanda bai san ma'anar abin da aka tambaye shi ba, amincewa ce? Da yawan masu zuwa shago suna jin "fomat" kamar "sabis", wato wankewa da gyarawa. A faɗa masa da Hausa: "Alhaji, idan na danna nan, duk abin da ke ciki zai tafi. Kana da shi a wani wuri?" In ya ce eh bayan ya ji wannan, babu laifi a kan kowa. In ba a faɗa masa ba, an ci amana ko da ya gyaɗa kai.

Za su ce aikin ceto yana cin lokaci, mutane kuma ba sa biya. Wannan ƙorafi ne mai tushe, domin kwafe faifan terabait ɗaya mai ciwo zai iya cin yini, wani lokaci kwanaki, ga kuɗin man janareta. Amma maganinsa shi ne a faɗi farashin gaskiya, mai kaya ya zaɓa. Kuma babu kunya a cewa "wannan ya fi ƙarfina, kai shi gaba." Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ba fomat kaɗai ba ne. Akwai wasu magungunan gargajiya na intanet da ya kamata a binne. Saka faifai a firiji: da ka fito da shi sanyin zai tara raɓa a ciki da kan allonsa. Bubbuga shi a tafin hannu: allurar karatu tana shawagi a saman faranti da tazarar da ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai, duka ɗaya ya isa ta kafta masa tabo. Kwance shi da sukuddireba don "a ga abin da ke ciki": ƙwayar ƙura ɗaya dutse ce a wajen wannan allura, balle a lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Masu wannan aiki na haƙiƙa a wuri mai tace iska suke buɗewa. Cire faifan daga akwatinsa na roba daban ne, kuma yakan taimaka idan ɗan allon USB ne ya mutu, sai a saka shi a wani akwatin. Amma a sani cewa wasu ƙananan faifan WD da Toshiba bakin USB ɗin a jikin allon faifan yake manne, babu abin da za a sauya, wasu kuma allon ne ke kulle bayanan da sirri.

Haka umarnin chkdsk, da mutane ke rubutawa kamar addu'a. Aikinsa shi ne ya daidaita fihirisa ko ta halin ƙaƙa, kuma a hanyar yin haka yana iya yanke abin da bai gane ba. A kan faifai mai lafiya da ɗan kuskure, yana da amfani. A kan faifan da ke mutuwa, wahalar da yake ba shi za ta iya ƙarasa shi.

To mece ce hanyar da muke kira a bi? A fara duba lafiyar faifan da manhaja irin CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana karanta rahoton da faifan ke ajiyewa game da kansa, har da adadin guraben da suka lalace da waɗanda ake shakka a kansu. In akwai alamar ciwo, a kwafe faifan ɗungurungum zuwa wani faifan mai girma kamarsa ko fiye, da manhaja irin GNU ddrescue, wadda ke fara kwashe wurare masu sauƙi sannan ta dawo kan masu wuya. Daga nan duk gwaje-gwaje a kan kwafin za a yi, na asali a ajiye shi gefe. TestDisk, da Bafaranshe Christophe Grenier ya rubuta kuma ya bayar kyauta, yana nemo ɓangaren faifan da ya ɓace, ya nuna fayiloli da sunayensu a kwashe. Abokin tafiyarsa PhotoRec na zuwa ne idan fihirisa ta tafi gaba ɗaya, yana tsinto fayiloli amma ba tare da suna ba. Ƙa'ida ɗaya ba ta da togiya: abin da aka ceto ba a ajiye shi a kan faifan da ake ceto daga gare shi, domin kowane fayil da ka sauke yana iya danne wanda ba ka kai ga ɗaukowa ba. Duk waɗannan kayan aiki ba a sayen su da ko sisi. Abin da suke nema shi ne haƙuri da karatu, kuma a nan ne ake bambance mai sana'a da mai dannawa.

Akwai kuma yanayi biyu da ke kama da mutuwa alhali ba ita ba ce. Na farko, faifai ya hau, ya nuna a cike yake, amma folda babu ko ɗaya, ko duk sun koma gajerun hanyoyi. Wannan ƙwayar cutar ce da ake kwasowa a shagunan buga takardu, ɓoye kayan take yi kawai. A kashe ta, a buɗe ɓoyayyun fayiloli, kaya na nan. Na biyu, faifan da aka kulle da BitLocker, wanda ba ya buɗuwa sai da kalmar sirri ko mabuɗin ceto mai lamba 48. A nemi mabuɗin a asusun Microsoft na mai kaya ko wurin ofishin da ya kulle, kafin a yi maganar komai.

Tunda muna maganar amana, mu ƙara da wannan. Wanda aka ba faifai don ya gyara, an ba shi ɗakin sirrin mutum ne. Hotunan iyali, takardun banki, bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai. Buɗe su don kallo, ko ajiye kwafi bayan an sallami mai kaya, cin amana ne a addini, kuma Najeriya na da dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a 2023. Mai kaya yana da haƙƙin ya ce a goge kwafin a gabansa.

Yanzu ga masu kaya, domin ku ma ba za ku tsira daga bakinmu ba. Kwashe fayiloli daga kwamfuta zuwa estanal sannan a goge na kwamfutar ba ajiyar tsaro ba ce, ƙaura ce daga ɗaki zuwa ɗaki. Abin da yake wuri ɗaya tak yana jiran ranarsa ne, kuma faifan da ke yawo a jaka, a bayan babur, cikin zafi da ƙura, ya fi na cikin kwamfuta kusa da wannan rana. Wani mai ɗaukar hoto a Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban da inda kake. Ko kamfanin Pixar, da duk kuɗinsa, a 1998 ya kusa rasa fim ɗin Toy Story 2 bayan wani umarnin gogewa ya cinye mafi yawan fayilolin, ajiyarsu ta tsaro kuma ta gaza. Abin da ya cece su shi ne kwafin da wata ma'aikaciyarsu ke da shi a kwamfutarta ta gida. In kuɗin faifai na biyu ya yi nauyi, a tsame abin da ba shi da madadi. Google na ba da gigabait 15 kyauta, kuma kundin digiri da takardun shago ba su kai ko kusa da haka ba. Fina-finan da aka turo daga shago ana sake samunsu, su jira.

Ku kuma yi hattara da faifan da aka rubuta masa terabait biyu ana sayar da shi kuɗin filashi. Akwai na jabu da ke nuna girman ƙarya, su karɓi kaya har su cika ɗan abin da ke cikinsu, daga nan sabo ya riƙa danne tsoho. Manhajar H2testw tana tona asirinsu, a gwada tun faifan yana sabo kafin a ba shi amana. Sannan a riƙa sallamar faifai ta Eject kafin a cire, kuma kada a motsa shi yana cikin aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga abin da muke nema, a taƙaice. Mai gyara ya tambayi mai kaya ko yana da kwafi kafin ya jona komai. Ya gwada kebul da kafa da wata kwamfutar kafin ya buɗe baki. Kada ya danna Format ko Initialize a kan faifan wani sai ya bayyana ma'anarsu da harshen da mai kaya ke ji. Ya san iyakar iliminsa, ya tura gaba idan ya ji ƙara. Mai kaya kuma, duk wanda ya ce maka "sai dai a yi fomat" kafin ya yi waɗannan, ka miƙa hannu ka karɓi faifanka, ka yi masa sallama cikin mutunci. Faifan da ya ƙi hawa yana iya jira mako guda a cikin durowa ba abin da zai same shi. Wanda aka shafe kuma aka zuba sabon kaya a kai, ba mai dawo maka da shi.

Duk wanda ke da faifai ɗaya tilo mai ɗauke da abin da ba zai iya rasawa ba, ya yi kwafinsa a daren yau, tun yana hawa.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya sa mu zama masu riƙon amana. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.